Ungulu Tsakanin Imani da Doka

Dattijon da ya girma a Adogi ko cikin birnin Lafiya yana iya tuna zamanin da ungulu ke cika mahauta tana share mushe ba da lada ba, alhali kuwa yau sai yaro ya yi wayo bai taɓa ganinta ba. Daga cikin dalilan wannan rashi akwai fataucin kawunanta da ƙwanta, waɗanda bokaye da 'yan magori ke haɗa asirin neman sa'a da su, har ya kai ga a shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gida cikin halittun da ke gab da ƙarewa.

Masu wannan sana'a suna da hujja, domin sashe na 38 na tsarin mulkin ƙasarmu na 1999 ya lamunce wa kowa 'yancin addini da aƙida. To amma mas'alar ba tamu kaɗai ba ce. Ƙabilar Hopi ta jihar Arizona a Amurka takan ɗauko 'ya'yan gaggafa daga sheƙa, ta rene su bisa soro, sannan ta sadaukar da su a bikin Niman. Kuma da aka faɗaɗa dokar kare gaggafa a 1962, hukuma ba ta haramta ibadar ba, sai ta ɗaure ta da izini da ƙayyadadden adadi.

A nan bambancin yake. Ibadar da ke da lokaci da iyaka tana barin iri, amma kasuwa ba ta san ƙoshi ba, kamar yadda aka gani a Gini Bisau a 2020, inda guba ta hallaka ungulu fiye da 2,000. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kuma maslahar jama'a tana rinjayar ta mutum guda; ungulu kuwa, da yake ita ke kawar da mushen da ke haddasa annoba, haƙƙin kowa ce.

Saboda haka ya wajaba dokarmu ta kare namun daji ta 1985 ta daina zama a takarda, kuma sarakuna da malamai su zauna da masu magani a nemi madadi cikin itatuwa, tun kafin a wayi gari babu ungulun da za a yi jayayya a kanta.