Yadda ake tsara zagaya Bosniya da mota mai ɗakin kwana

Mota mai ɗakin kwana ƙaramar bas ce da aka ƙera wa gado da murhun gas da tankin ruwa, wasu har da makewayi, ta yadda matafiyi zai yi tuƙi da rana ya kwana a cikinta da dare. Bosniya da Hazegobina, da ke yankin Balkan a kudu maso gabashin Turai, tana cikin ƙasashen da masu irin wannan tafiya ke nufa, saboda tsaunuka da koguna da tsofaffin garuruwanta. Faɗin ƙasar ya kai kimanin murabba'in kilomita 51,000, kuma ƙidayar 2013 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 3.5, kusan rabinsu Musulmi ne. Ta yi iyaka da Kuroshiya da Sabiya da Montenegro.

Takardun shiga

Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta kuma cikin yankin Shengen. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga, sai dai ƙasar tana karɓar mai bizar Shengen ta shiga da fita sau da yawa na ɗan gajeren zama. Wannan batu yana da muhimmanci ga wanda ya ɗauki hayar mota a Zagreb ko Split. Kuroshiya ta shiga Shengen a ranar 1 ga Janairu 2023, don haka duk wanda ya tsallaka Bosniya ya fita daga yankin, kuma mai bizar shiga sau ɗaya ba zai iya komawa ya mayar da motar ba.

Lasisin tuƙi na ƙananan motoci, wato rukunin B a tsarin Turai, ya wadatar muddin nauyin motar da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba. Ana so direba ya haɗa lasisinsa na gida da na ƙasa da ƙasa. Haka kuma ya karɓi rubutacciyar amincewar kamfanin haya ta tsallaka iyaka, tare da shaidar cewa inshorar motar tana aiki a Bosniya.

Dokokin hanya da kuɗi

Ana tuƙi a hannun dama, kamar a Najeriya. Iyakar gudu kilomita 50 ne a awa cikin gari, 80 a bayan gari, 130 a babbar hanya ta A1 wadda ake biyan kuɗi a wasu sassanta. Dole ne fitilun gaba su kasance a kunne dare da rana. Daga Nuwamba zuwa Afrilu doka ta wajabta kayan tuƙin hunturu, domin dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyin tsaunuka. Shi ya sa Mayu da Yuni da Satumba suka fi dacewa, tunda a Yuli da Agusta zafin Mosta kan kai digiri 40.

Kuɗin ƙasar shi ne mak, wanda ake rubutawa KM, kuma an ɗaure shi da yuro: yuro ɗaya daidai yake da mak 1.95583. A ƙauyuka tsabar kuɗi ta fi kati amfani. A yankin Sabiyawa, wato Republika Srpska, allunan hanya kan zo da rubutun Sirilik, don haka yana da kyau a sauke taswira a waya tun kafin a tashi.

Hanyar kwana bakwai zuwa goma

Mai shigowa daga Zagreb yakan fara da Bihac, ƙofar gandun dajin kogin Una da aka kafa a 2008. Daga nan sai Jajce, inda kogin Pliva ke gangarowa daga dutse a tsakiyar gari, sannan Travnik, tsohuwar mazaunin gwamnonin Daular Usmaniyya, kafin a isa Sarayebo. A babban birnin akwai tsohuwar kasuwar Bascarsija da masallacin Gazi Husrev-beg na ƙarni na 16. Lungunan tsohon garin matsattsu ne, masu hawa da gangara, don haka ya fi sauƙi a bar motar a wajen gari a shiga taragu.

Tsakanin Sarayebo da Mosta akwai kimanin kilomita 130 ta Konjic da Jablanica, a gefen kogin Neretva. Tsohuwar gadar Mosta an gina ta a 1566, aka rushe ta a yaƙi ranar 9 ga Nuwamba 1993, aka sake buɗe ta a 2004, sannan UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 2005. Kusa da ita akwai zawiyar Sufaye ta Blagaj a mafarin kogin Buna. Mai sauran lokaci yana iya ƙarasawa gandun dajin Sutjeska, inda dutsen Maglic mai tsayin mita 2,386 yake, shi ne mafi tsawo a ƙasar.

Yawancin hanyoyin nan masu hannu biyu ne, suna da kwana-kwana da ramukan ƙarƙashin dutse. Kilomita 150 kan ci kusan awa uku, saboda haka ba a so a wuce wannan a yini, kuma a isa masauki kafin magariba.

Wurin kwana da haɗarin nakiyoyi

Yaƙin 1992 zuwa 1995 ya bar nakiyoyi binne a dazuzzuka da gonaki da tsofaffin filayen daga, kuma har yanzu ba a gama tone su ba. Ana yi wa wuraren alama da jan allo mai hoton ƙoƙon kai, amma ambaliya da zaftarewar ƙasa, kamar wadda aka yi a 2014, sukan gusar da nakiya daga inda aka san take. Dalili ke nan da ake gargaɗin matafiyi kada ya kauce daga kwalta ko hanyar da mutane ke bi, kada ya shiga kangon gida, kada kuma ya ajiye mota a ciyawar da bai ga sawun kowa ba.

Mafi aminci shi ne kwana a sansanonin matafiya masu rajista, waɗanda ake samu a gefen Una da tafkin Pliva da kewayen Blagaj. A can ake samun lantarki da ruwan sha da wurin zubar da dattin makewayi, kuma su ne ke yi wa baƙo rajistar zama da hukuma ke buƙata. Da yawansu kan rufe a lokacin sanyi.

Abincin halal ba ya wuya a Sarayebo da Travnik da gabashin Mosta, amma a yankunan Sabiyawa da Kuroshiyawa ana cin naman alade, sai an tambaya. Lambobin gaggawa su ne 122 don 'yan sanda, 123 don 'yan kwana-kwana, 124 don motar asibiti, sai 1282 idan mota ta lalace a hanya.