Farin Tabo a Jikin Kuɗin Azurfa

Farin tabo wani ɗigo ne mai kama da busasshiyar madara da ke fitowa a jikin tsabar azurfa. An fi ganinsa a sababbin tsabobi masu tsarkin 999 zuwa sama, irin su Maple Leaf ta Kanada. Masana na danganta shi da ragowar sinadarin wanki da ke maƙalewa a jikin ƙarfen kafin a gasa shi a buga. Tabon kan ɓoye, sai bayan watanni ya bayyana. A 2018 masana'antar buga kuɗi ta Kanada ta fito da wata kariya mai suna MintShield domin rage shi.

A ƙasar Hausa kuwa, cikin azurfar da aka gada akwai sulalla da dalolin Turawa na 1913 zuwa 1920, da tsabar Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda maƙeran fari suka daɗe suna narkawa su yi zobe da munduwa. Waɗannan sun fi yin baƙi, musamman da damina, kuma baƙin yakan fita da toka ko lemun tsami.

Farin tabo kuwa ya shige cikin fatar ƙarfen. Goge shi da ƙarfi sai ya kankare zanen, tsabar ta rasa darajarta wurin masu tara tsabobi. Haka ma tsohuwar tsaba: abin takaici ne ganin sulen kaka ya sha guga har fuskar sarkin da ke jikinsa ta shafe. Nauyin azurfar ba ya raguwa saboda tabon, shi ya sa maƙeri yakan saye ta a kan awo.