Asalin Kalmomin Tasiri da Motsin Rai da Riya a Harshen Ingilishi

Malamin da ke koyar da Ingilishi a kwalejin horon malamai ba ya rasa gamuwa da ɗalibin da kalmar affect ta rikitar. A wata jimla ta zo masa da ma'anar yin tasiri, a wata kuma da ma'anar riya, watau nuna halin da babu shi a zuci. Ga kuma affection, ƙauna, tana tsaye kusa da su. Sau da yawa a kan sallami yaro da cewa ya haddace kurum, alhali kuwa rikicin yana da tarihi.

Tushensu duka Latin ne, harshen Rumawa. Afficere shi ne aikata wa wani abu aiki har ya sāke, affectus kuwa halin da rai ya shiga bayan an taɓa shi. Daga nan Rumawa suka ƙera wani fi'ili, affectare, watau nacewa wajen neman abu. To, wanda ya nace a ce da shi masani, ba ya daɗewa ya ke fara aron tafiyar masana da muryarsu. Ta haka nema ya gangara ya zama riya. Kalmomin sun shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci da littattafan Latin bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, fi'ili biyu suka wayi gari da rubutu ɗaya.

Irin wannan gangara ta sami pretend, wadda asalinta miƙa abu a gaba ne, watau yin da'awa. Lokacin da aka tayar da yaƙi a 1715 don a naɗa James Stuart, ɗan sarkin da aka tuɓe a 1688, an kira shi Pretender, ma'ana mai da'awar gadon sarauta. Ɗalibin da ya fassara wannan laƙabi da mai wasan kwaikwayo ya ɓata tarihi. Ainihin ɗan wasan yana cikin hypocrite, sunan da Girkawa suka ba mai fitowa dandali.

Influence ta fi su nisan tafiya, don daga sama ta sauko. Masu ilmin taurari na Turai sun ɗauka wani abu mai kama da ruwa yana kwararowa daga taurari ya shiga jikin ɗan Adam, ya juya halinsa da rabonsa. Wannan kwarara ita ce influentia. Mutanen Italiya suka ɗora wa taurarin alhakin annoba, suka kira ta influenza, sunan ya isa Ingila tare da cutar a 1743. Ita ce ta game duniya a 1918, Hausawa suka sa mata suna marisuwa. Tasirin Hausa, wanda aka aro daga Larabci, a ƙasa ya ke, gama asalinsa sawu ne da mai wucewa ya bari.

Emotion ita ce auta. Da ta shigo daga Faransanci a ƙarni na 16, tarzomar jama'a a ke nufi da ita. Malaman wancan zamani suna rarrabe passions, masu fizgar mutum ba da sonsa ba, da affections, waɗanda hankali ke iya yi wa linzami. Thomas Brown, malamin falsafa a Edinburgh, wanda aka buga laccocinsa a 1820, yana kan gaba cikin waɗanda suka tattara su duka a ƙarƙashin emotion. Darwin ya sa kalmar a sunan littafinsa na 1872, William James kuma ya yi ta taken maƙalarsa a 1884. An sami sauƙin magana, amma an yi asarar bambanci, don fushin mai maye da tausayin uwa sun koma ɗaki ɗaya. Mai fassara littafin da aka rubuta kafin 1820 tilas ya fara duba wanne marubucin ke nufi, tun da Hausa ba ta haɗa sha'awa da ƙauna a kalma guda ba.