Samanja Mazan Fama da Hausar bariki

Kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, Kaduna ce cibiyar wasan kwaikwayo a Arewa. A can aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, a can kuma Alhaji Usman Baba Pategi ya yi suna, har laƙabinsa na wasa, Samanja, ya danne sunansa na yanka.

Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin Kwara. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a gidan rediyo, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaƙin nan ya kumbura rundunar Nijeriya daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. Da aka ajiye makamai, sai ga soja a kasuwa da tasha da unguwa, ga mulki kuma a hannunsu. Talaka yana ganin kaki gabansa ya faɗi.

Cikin wannan hali Samanja ya ɗauko rayuwar bariki ya shimfiɗa ta a rediyo da talabijin: faretin kurata, horon na ƙasa, rigimar soja da iyalinsa. Yana fitowa cikin kaki yana tsawa, yana gwamutsa Hausa da Turancin buroka, jama'a suna dariya da abin da suka saba jin tsoro.

Ga ɗalibin Hausa, babban darasin yana cikin harshen. Tun da Lugga ya kafa rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce ta haɗa sojojin ƙabilu daban-daban. Daga nan Barikanci ya samo asali: ba a cika bambanta namiji da mace ba, a ce “ya zo” ko da mace ake nufi, haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuma sukan koma b da d da k. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su kofur, kurtu, hafsa da fareti suka shigo. Ita kanta “samanja” sajan-manjo ce da baki ya taƙaita.

Wanda ya san zangon Parakou ko na Djougou a ƙasar Benin, inda fataken goro suka yada zango a hanyar Gwanja, ya san yadda Hausa take sauya kama a bakin maƙwabta. Can fatauci ne ya kai ta, nan kuwa aikin soja.

Samanja ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Mai nazari ya saurari wasanninsa da kunnen basira: kada ya ɗauki Barikanci a matsayin daidaitacciyar Hausa, kada kuma ya raina shi, domin yana ɗauke da tarihin yadda harshen ya zama na kowa.