Sikwaya Nawa Gidan Zai Ci?

Duk wanda ya taso a ƙasarmu ya san bango da yaɓe ko filasta. A Amurka kuwa yawancin gidajen zama ƙwarangwal ne na katako, sai a bi bayansa a rufe da falankai masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Wannan suturar ita ake kira sayidin, kuma lissafin yawan da gida zai ci shi ne abincina a birnin Columbus na jihar Ohio shekara da shekaru.

Ma'auninmu sunansa sikwaya, wato fili mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, murabba'in ƙafa 100 ke nan. Yadda kafinta a Kano zai ce rufin nan zai ci bandir shida na kwano, haka mu ma muke cewa gidan nan sikwaya goma sha biyar ne. Kaya sun sauya daga katako zuwa siminti, zuwa alminiyom, zuwa roba, amma sikwaya tana nan inda kakannin sana'ar suka bar ta.

Dattijon da ya koya mini aikin, wani Bature da ya gaji kafinta daga mahaifinsa, bai fara da nuna mini tef ba. Sanda ya miƙo mini, doguwa, mai zane-zanen fensir daga ƙasa har sama. Da irinta mutanen da suke aiki, tun zamanin da Turawan farko a yankin New England ke tsaga itacen oak suna yin falanki da hannu. Kafinta zai jingina sandar a bango, ya raba tsayin gida layi-layi, ta yadda gefen wani falanki zai zauna daidai ƙasan taga, wani kuma daidai samanta. A nan na fara jin maganar da ta zama ginshiƙin lissafin duka: ba faɗin falanki ake ƙirgawa ba, abin da ya leƙo waje rana da ruwa ke duka shi ake ƙirgawa. Falanki mai inci 6, idan na sama ya rufe masa inci 2, to inci 4 kawai ya yi maka aiki, amma kuɗin 6 ka biya.

Na ji, na gyaɗa kai, ban riƙe ba. Aikin farko da aka sakar mini, gida ne mai bango murabba'in ƙafa 1,400, za a sa masa falankin siminti mai tsawon ƙafa 12 da faɗin inci 8 da kwata. Na raba da faɗin gaba ɗaya, na yi odar guda 170. Ashe inci 7 ne kawai ke fita, sauran na shigewa ƙarƙashin na sama. Guda 200 ake buƙata tun kafin a yi zancen ɓarna. Ran Juma'a da rana kaya suka ƙare, ma'aikata uku na zaune a inuwa, bango guda tsirara. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Yaro, ka sayi inuwar falanki ka manta da fuskarsa.” Daga aljihuna aka cire kuɗin motar da ta sake kawo kaya.

Tarihin sana'ar kusan tarihin gudun fenti ne. Katako na son fenti duk bayan 'yan shekaru, shi ya sa kowane sabon kaya da alkawarin raba maigida da buroshi yake zuwa. Ludwig Hatschek na ƙasar Ostiriya ya haɗa siminti da asbestos a 1900, kuma har yau muna tarar da ƙananan allunan wannan haɗin a tsofaffin unguwanni, mu yi taka-tsantsan da ƙurarsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai alminiyom ya shigo da ƙarfi; Jerome Kaufman ya kafa kamfanin Alside a Akron, nan jiharmu, a 1947, yana gasa fenti a jikin ƙarfen tun daga masana'anta. A zamanin nan ne lissafi ya fita daga hannun kafinta ya koma hannun ɗan talla mai kwat da jaka, mai bin gida-gida. Shi kamashonsa a kan girman cinikin yake, don haka tef ɗinsa kan yi ƙiba. Wanda ya kalli fim ɗin Tin Men na 1987, labarin irin waɗannan 'yan tallan a Baltimore ta 1963, ya san sunan da suka bar mana. Har gobe wasu tsofaffi in na gama awo sai su ce in sake a gabansu, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Suturar robar finil a nan Columbus aka fara yin ta, a kamfanin Crane Plastics, ƙarshen shekarun 1950. Ta farko tana tsagewa da sanyi, tana koɗewa da rana, sai daga baya aka gyara haɗinta ta mamaye kasuwa. Ita ta sauƙaƙa ƙidaya: falle mai ƙafa 12 da rabi wanda ke fitar da inci 8, guda 12 sikwaya ɗaya ne cif, kwali kuma galibi sikwaya biyu. Amma ta kawo nata ciwon kan. Roba na miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi, dole a bar mata kwatan inci a kowane ƙarshe, ƙusa ma ba a danne ta. Ga tarkacen da ba sa shiga sikwaya, a tsawon ƙafa ake auna su: layin farawa na ƙasa, sandunan kusurwa, da ƙaramar kwatar da ke zagaye ƙofa da taga. A nan sababbin shiga suka fi faɗuwa. Falankin siminti marar asbestos na James Hardie, wanda ya ƙetaro daga Ostireliya wajen 1990, shi ya dawo da mu kan tsohon lissafin hawa-kan-juna, wanda ya kayar da ni.

Awon kansa ba wuya. Gida mai ƙafa 40 da 30, tsayin bango 9: zagaye 140 sau 9, ya ba da 1,260. Alwatika biyu na ƙarƙashin rufi, gindi 30 tsayi 8, kowanne 120, jimla 1,500. A cire ƙofofi da tagogi, a ce 200, a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ɓarna, an samu 1,430. Sikwaya 15 ke nan, amma tunda kwali bibbiyu ne, takwas za ka ɗauko. Wannan kashi goman kuwa ni ban ɗauke shi doka ba. Bango miƙaƙƙe kusan ba ya zubar da komai, guntun nan ya fara layi na gaba. Alwatika kuwa kowane layi sai an yanka shi a karkace, guntayen ba su da wurin zuwa sai kwandon shara. Gida mai ƙananan alwatika shida da tagogi birjik, nakan kai shi kashi 15 ko fiye, kuma ƙananan tagogi ba na cire su ko kaɗan, domin abin da aka yanke a gefensu ya riga ya tafi. Gara kwali ya yi saura da a koma kanti bayan wata biyu a tarar launin sabon zubi ya ɗan bambanta. Da hantsi bambancin ke fitowa fili.

Yanzu matasa ba sa hawa tsani don awo. Tun da EagleView ta fara auna rufi daga hoton jirgin sama a 2008, sannan manhajoji irin su Hover suka zo, sai ka zagaya gida kana ɗaukar hoto da waya, a aiko maka da zane da adadin sikwaya. Ina amfani da su, kuma a bango mai kyau sun fi tef ɗina daidai. Sai dai ranar Litinin da ta wuce manhaja ta ba ni sikwaya 22 a wani tsohon gida, na ɗaga gefen alminiyom ɗin da sukudireba, na tarar da allunan asbestos a ƙasa, ƙarƙashinsu kuma katakon asali ya ruɓe tun daga ƙasan taga. Na koma mota na ɗauko sandar dattijon da fensir.