Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Tarihin Masu Ƙera Kayan Kiɗa da Makomar Sana'arsu a Kano

Makalar wannan makon ta taso ne daga wata tambaya mai kama da wasa: shin matashin da ya tashi a Kumbotso, tsakanin masana'antun Sharaɗa da Chalawa, zai iya riƙar ƙera fiyano a matsayin sana'a har ya ci abinci da ita? Ba a san Kano da ƙera fiyano ba, amma an san ta da jin sa, domin kusan duk waƙar Hausa ta zamani da ke tashi a rediyo ko a waya, a kan fiyano aka ɗora ta. Kafin mu amsa tambayar, sai mun bi sawun sana'ar daga inda ta fito, sannan mu dawo gida mu duba namu masu ƙera kayan kiɗan.

Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro fiyano a birnin Florence wajajen shekarar 1700. Kayan kiɗa masu maɓallai da ake da su kafinsa, yawancinsu tsinkar waya suke yi, ko ka danna a hankali ko da ƙarfi sautin kusan ɗaya ne. Shi kuwa sai ya sa 'yan guduma masu lulluɓin fata suna bugun wayar suna komawa baya, ta yadda makaɗi zai iya sassauta murya ko ya ɗaga ta da nauyin yatsansa. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yau, na 1720 da na 1722 da na 1726, a gidajen tarihi na New York da Rum da Leipzig. A wancan zamanin aikin hannu ne tsantsa, maigida ɗaya da 'yan yaransa a shago, kamar yadda maƙeranmu suke.

Ƙarni na 19 ne ya fitar da sana'ar daga shago ya kai ta masana'anta. A 1825 Alpheus Babcock ya yi rajistar ƙashin fiyano na zubin ƙarfe a Boston, wanda ya ba da damar ɗaure wayoyi da ƙarfi ba tare da katako ya lanƙwashe ba. Kamfanin Steinway ya buɗe a New York a 1853, ya ƙara reshe a Hamburg ta Jamus a 1880. Babban fiyano na yau yana da maɓallai 88, wayoyi kusan 230, da ƙananan sassa kusan 12,000, kuma jan da wayoyin ke yi wa ƙashinsa ya kai kusan tan 20. Abu irin wannan ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Sai an haɗa kafinta, da mai zubin ƙarfe, da mai jan waya, da mai matsa ulu, da kuma mai kunnen da zai saita sauti. A 1909 kaɗai an sayar da fiyano fiye da 360,000 a Amurka. Daga nan faifan garmaho da rediyo suka shiga gidaje, mutane suka samu kiɗa ba tare da sun koya ba, kasuwa ta fara ja da baya.

Tun daga lokacin sana'ar ke ƙaura zuwa gabas. A 1887 aka kira wani mai gyaran agogo da kayan asibiti, Torakusu Yamaha, ya duba wani ogan da ya lalace a makarantar firamare ta garin Hamamatsu a Japan. Ya gyara, ya fahimci cikinsa, ya ƙera nasa. Ya kafa kamfani a 1897, a 1900 kuma ya fitar da fiyanonsa na farko. Yau masana'antar Pearl River ta Guangzhou a ƙasar Sin, wadda aka kafa a 1956, ita ake lissafawa a kan gaba wajen yawan fiyanon da ake ƙerawa. A Ingila kuwa masana'antar Kemble ta rufe a 2009, a Faransa ma tsohon gidan Pleyel ya rufe ma'aikatarsa a 2013. Wato ko a ƙasashen da suka raini sana'ar, masu ƙera sabo sun ragu, waɗanda suka fi samun aiki su ne masu gyara da masu saita sauti.

Mu dawo gida. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata masanan. Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Kakaki aikin maƙeri ne. Kalangu da kotso da taushi kuwa sai masassaƙi ya fafe itace, majemi ya gyara fata, sannan a ɗaure da igiyoyin fata. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi, ɗan gwangwani ne aka rufe da fata aka ɗora masa tsirkiya ɗaya. Sau da yawa makaɗin da kansa ke haɗa abin kiɗansa, ko wani daga cikin yaransa, kuma ilimin yana tafiya ne daga uba zuwa ɗa, ba a rubuce ba. Kalangun Mamman Shata da kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo duk hannun wani ne ya sassaƙa su. Mun haddace waƙoƙin, amma wa zai iya kawo sunan masassaƙi ɗaya daga cikinsu? Ko littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971, wanda ya tattara kalmomin kiɗan Hausa, baƙi ne suka yi mana shi, kuma da Turanci.

Fiyanon da ya mamaye Kano ba irin na Cristofori ba ne. Na lantarki ne, wanda kamfanonin Japan irin su Casio da Yamaha suka fara bazawa kasuwa da araha tun farkon shekarun 1980. Ba shi da waya ko guduma, sautuka ne aka adana a cikinsa. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi, sai ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka rungumi samfurin Yamaha PSR. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna cewa mutum ɗaya a gaban fiyano zai iya kwaikwayon kalangu da sarewa da sauran kayan gida, kuma jama'a su karɓa hannu bibbiyu. Daga nan 'yan nanaye, da mawaƙan siyasa, da wasu masu bege, duk suka bi. Abin da ke cikin wannan nasara shi ne, duk wurin da fiyano ɗaya ya zauna, an rage wa makaɗa da yawa aiki, an kuma rage wa masassaƙi da majemi ciniki. Kuɗin da da can ke zagayawa a unguwa, yanzu yana tafiya wajen mai shigo da kaya.

Me ya hana masana'antunmu cike wannan giɓin? Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya, har Kano ta zama ta biyu bayan Legas a harkar masana'antu. Amma abin da aka kafa shi ne masaƙu, da matsar mai, da robobi, da alewa, da jima. Ba a gina masana'antar haɗa ƙananan sassa masu buƙatar awo na ƙwaƙƙwafi ba. Bayan tsarin SAP na 1986 da faɗuwar darajar naira, ga matsalar wuta, ga kayan waje masu araha, da yawa daga cikin waɗanda ake da su ma suka rufe. Majemun Chalawa suna cikin waɗanda suka jure, sai dai mafi kyawun fatarsu waje take tafiya, zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tun zamanin ayarin Sahara Turawa ke sayen ta da sunan fatar Maroko. Mu ne da kiwo da jima, wasu ne da suna da riba. Sannan akwai yanayi: fiyanon katako yana son danshi matsakaici, hunturun Kano kuwa yana busar da katako har ya tsage, damina ta zo ta kumbura shi.

To, ga amsar tambayarmu. Wanda ya ce zai kafa masana'antar fiyanon katako a Kumbotso yau, zai yi karo da rashin masu saye, da tsadar sassa, da gogayya da masana'antun Sin. Amma kewayen sana'ar akwai abinci. Na farko gyara. Ɗakunan waƙa, da makarantu, da cocin Sabon Gari, da masu kiɗan biki, duk suna da fiyanon lantarki, kuma ƙura da zafi da wutar janareta ba sa raga masa. Mai difloma a fannin lantarki da ya ƙware a wannan ba zai rasa aiki ba, kuma kada a manta Yamaha ma da gyara ya fara. Na biyu inganta namu. Kalangu da goge da gurmi suna buƙatar awo tsayayye, da busasshen itace, da fata mai jure yanayi, da wurin maƙala na'urar ƙara sauti, yadda makaɗi a Yamai ko Landan zai yi oda ya san abin da zai iso masa. Ga majemu a Chalawa, ga cibiyar binciken fata ta tarayya a Samarun Zariya, abin da ya rage shi ne mai haɗa su da masassaƙi. Na uku ɗaukar ainihin sautin kayanmu a zuba a kwamfuta, maimakon mu ci gaba da aron muryar gangar wasu muna kiran ta kalangu. Idan ba mu yi ba wani zai yi, ya sayar mana.

Babban cikas ba na kuɗi ba ne kaɗai. Al'adarmu ta daɗe tana kallon kiɗa a matsayin roƙo, don haka ɗan masassaƙin kalangu da ya yi boko ba ya son a danganta shi da aikin ubansa. Kowane dattijo da ya rasu cikinsu, ya tafi da sanin wane itace ke ba da murya, wace fata ke jure damina, da sunan kowane ɓangare na abin kiɗa. Itatuwan ma suna ƙarewa a hannun masu gawayi.

Nan ne aikinmu yake, mu masu koyon rubutu. Muna yawan kukan rashin jigo, labaranmu na ta zagaye a falo da jami'a, alhali ga rayuwa cike da rikici a gabanmu: uba mai fafe kalangu da ɗansa mai danna fiyano, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Wanda zai rubuta wannan sai ya je ya zauna da masu sana'ar. Ya tambayi sunayen kayan aiki, ya ga yadda ake jiƙa fata da ɗaure ta, ya rubuta kwanan wata da wurin hira, ya kuma nemi izini kafin ya ambaci sunan mutum. Italiyawa sun san sunan wanda ya ƙera musu fiyano shekara 300 da suka wuce domin akwai waɗanda suka rubuta tun yana raye. Duk wanda ke da masassaƙi ko maƙerin kakaki a unguwarsu ko ƙauyensu, ya fara da shi a wannan makon. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa albarka a alƙalumanmu.