Harrison Schmitt, Masanin Duwatsu a Doron Wata

Daga cikin mutum goma sha biyu da suka taka doron wata tsakanin 1969 da 1972, goma sha ɗaya matuƙa jiragen sama ne waɗanda suka sami horo a aikin soja. Ɗaya ne tak ya shiga wannan aiki ta ƙofar kimiyya, watau Harrison Schmitt.

An haife shi a 1935 a jihar New Mexico ta Amurka, mahaifinsa kuwa masanin ma'adinai ne. Ya bi sawun uban, ya karanta ilmin duwatsu, har ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1964. A 1965 hukumar NASA ta ɗauke shi cikin rukunin farko na masana da za a horar su zama 'yan sama jannati. Sai da ya shekara yana koyon tuƙin jirgi, sa'an nan ya shiga koya wa matuƙan yadda ake gane dutse da asalinsa.

Ana sa ran zai tafi da kumbon Apollo 18, sai aka soke tafiyar a 1970 saboda an rage wa hukumar kuɗi. Nan fa masana suka tashi haiƙan, suna cewa bai kamata a rufe shirin ba tare da masani ko ɗaya ya ga wata da idonsa ba. Bisa ga haka aka cire matuƙi Joe Engle daga Apollo 17, aka sa Schmitt a gurbinsa, abin da bai yi wa waɗansu matuƙan daɗi ba.

Ran 11 ga Disamba 1972 ya sauka a kwarin Taurus-Littrow tare da Eugene Cernan. Suka yi kwana uku, suka tara duwatsu da ƙasa kimanin kilo 110. A bakin wani rami da ake kira Shorty, Schmitt ya lura da ƙasa mai launin ruwan goro a cikin toka. Bincike ya nuna ƙananan ƙwayoyin gilashi ne da aman wuta ya fesar fiye da shekara biliyan uku da rabi da suka wuce. A 2008 kuma aka gano alamar ruwa a cikin irin waɗannan ƙwayoyi, alhali a da an ɗauka wata busasshe ne ƙarƙaf.

Ya bar NASA a 1975, ya wakilci jiharsa a Majalisar Dattawa daga 1977 zuwa 1983. Abin lura ga mai riƙe da aikin hukuma shi ne, sau shida aka sauka a kan wata don nazarin duwatsunsa, amma sai a sauka ta shida aka aika da wanda ya san su.